Hita tana cinye min mita, wa ya taɓa haɗa abin ɗumama ruwa da rana a gida?

Abban_Yara:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema wajen wanda ya san abin, musamman wanda ya taɓa yi da hannunsa. Tun da aka mayar da layinmu Band A, rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, kuɗin wuta ya zama abin da ya zama, kun dai tuna watan Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki NERC ta ɗaga yunit daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauto zuwa ɗari biyu da 'yan kai, to mu dai tun lokacin aljihu bai dawo daidai ba. Da zafi firij da fankoki ne ke ci, nace to idan sanyi ya shigo za a ɗan sarara, ina, sai hita ta karɓi aikin.

Mu tara ne a gidan, ni da uwargida da yara biyar da ƙanina sai Hajiyarmu, ita Hajiya ko alwala ba ta iya yi da ruwan sanyi saboda ciwon gwiwa, yaran kuma duk 'yan makaranta ne bakwai da rabi an rufe get. Tun kafin assalatu ake jona hita a bokiti, wannan ya fito a jona wa wancan, kana tsaye kana ganin jar fitilar mita tana ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da babu wuta kuma gas ne ke shan wahala, tukunyar da a da take kai mu wata yanzu ko kusa.

Na ga bidiyoyi a YouTube wasu suna naɗe baƙin tiyo a saman kwano, wasu su yi wa duro baƙin fenti su sa a akwati su rufe da gilashi, ruwa ya fito har da tururi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne su waɗannan ba su san hazo ba, mu kuwa lokacin da muke son ruwan zafin shi ne lokacin da ranar take fitowa fari fat ba ƙarfi. Kuma ko ya yi zafin, mu da asuba muke wanka, zai kai? Wane irin fayif ake sawa? Gidan nawa ne ba haya ba, a Kano, akwai tankin sama lita 1,000 a kan ƙarfe, ruwan burtsatse ne. Ba ni da kuɗin na kanti shi ya sa nake son na gida. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Sarkin_Musu:

Wa alaikumus salam. Alhaji ni dai a ganina wahalar banza za ka sha. Duk mai baƙin tanki a sama ya san zancen, da azahar ka buɗe famfo ruwa ya kusa saɓule maka fata, da asuba ka buɗe shi wannan famfon dai ka ji shi ƙarara. Rana ba ta fitowa ƙarfe biyar na asuba. Ka saya wa uwargida buhun gawayi da ƙatuwar tukunya kowa ya huta.

Malam_Fiziks:

Sarkin_Musu rabin maganarka gaskiya ce, sauran rabin kuma ka yi gaggawa. Bari mu fara da lissafi tukuna don Abban_Yara ya ga ainihin abin da ke fita daga aljihunsa. Kafin ka ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya sai ka ƙona wat 1.16 na tsawon awa ɗaya, wannan ba ya canzawa ko hita ce ko gas ko itace. Ruwan da ya kwana a tanki a Kano cikin Disamba ko Janairu yana iya sauka wajen digiri 18, wanka mai daɗi kuma wajen 40 ne. Bokiti mai lita 20 sau digiri 22 na tsakani sau 1.16 ya ba ka 510, yunit ɗaya kuwa 1,000 ne, wato rabin yunit kowane bokiti, naira ɗari da 'yan kai kenan a kuɗin Band A. Ku tara kusan dubu ɗaya a rana, wata ya kusa dubu talatin, ban ma sa alwalar Hajiya da ruwan wanke-wanke ba. Gas ɗin ma ba mafita ba ce, kilo ɗaya yana ɗauke da kusan yunit 13 amma wajen rabin zafin yana bi ta gefen tukunya ya tafi abinsa, bokiti 12 ko 13 za ka samu, idan kilo ya haura dubu ɗaya kaga ba wani nisa tsakaninsa da hitar.

Yanzu ita rana. A arewacin Najeriya duk fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi yana samun yunit 5 zuwa 6 na hasken rana a wuni guda. Na'urar da aka haɗa a gida, in an yi ta da kyau, za ta kama kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, mu ce yunit biyu, bokiti huɗu kenan. Gidanka yana son irin wannan fili guda uku idan aka haɗa da abin da zai zube da dare. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen layi, eh ruwan ba zai yi zafi sosai ba, ɗumi kawai zai yi, amma irin waɗannan ranakun ba su ne mafi yawa ba, kuma ko ɗumin ma riba ce domin ɗaga ruwa daga 30 zuwa 40 bai kai rabin kuɗin ɗaga shi daga 18 ba. Kar ka yar da hitarka, ajiye ta don irin ranar.

Inda na yarda da Sarkin_Musu shi ne maganar asuba, kuma nan ne duk aikin yake. Samun zafin ba wuya, ko bokitin roba ka manta a tsakar gida zai yi zafi. Riƙe shi awa goma sha biyu cikin iskar hunturu shi ne gwanintar. Matsalar nan ba sabuwa ba ce, a 1891 wani Ba'amurke Clarence Kemp a Baltimore ya fara sayar da irin wannan abin, baƙaƙen tankuna a cikin akwati mai gilashi, kuma kukan masu saye ɗaya ne da naka, ruwan yana hucewa kafin gari ya waye. Sai a 1909 William Bailey a Kalifoniya ya raba abin gida biyu, wurin kama zafi daban a rana, tankin ajiya daban a lulluɓe, har ya sa wa kamfaninsa suna mai nufin dare da rana. Yawancin na kanti da kake gani yau a kan wannan dabarar suke. Don haka idan kuɗinka kaɗan ne, gara akwatinka ya zama na jeka-na-yi-ka amma tankin ya sha lulluɓi, da a ce ka yi akwati mai kyau ka bar duro tsirara.

Wajen girkawa ya kalli kudu, in ka fuskanci gabas hannun damanka kenan. Kano tana digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, a Disamba rana tana karkata kudu sosai, da tsakar rana tana kaucewa tsakar ka da wajen digiri 35. Tun da don sanyi kake yi, jingina shi digiri 25 zuwa 30, kar ka kwantar da shi. Ka kuma duba inuwar katanga da ta tankinka daga goma na safe zuwa uku, inuwar hunturu ta fi ta bazara tsawo.

Oga_MaiWalda:

Slm. Malam ya gama magana ta ɓangaren biro, ni kuma bari in faɗi ta guduma tunda aikina ne walda da ɗan haɗa famfo kuma akwai irinsa a bayan ɗakina yanzu haka.

Na farko Alhaji ka cire fayif ɗin PVC daga lissafi, fari ko toka, wanda ake haɗawa da gam, daga digiri 60 yake fara laushi kuma cikin akwati mai gilashi ana wuce haka nesa ba kusa ba, zai lanƙwashe ne bakin gam ɗin ya saki. Koren nan PPR da ake haɗawa da wuta yana jure zafi amma bangonsa kauri ne da shi ba ya barin zafi ya shiga, shi aikinsa kai ruwa daga akwati zuwa duro da daga duro zuwa banɗaki, kuma shi ma sai an rufe shi don rana tana cinye shi.

Shi baƙin tiyon da ka gani ana naɗewa yana aiki, nadi ɗaya mai mita 100 na inci uku bisa huɗu yana cin ruwa wajen lita 30, in ka shimfiɗa shi zagaye-zagaye a kan kwano mai baƙin fenti cikin awa ɗaya zuwa biyu ya yi zafi. Amma ba ya zagaya ruwa da kansa, sai an sa mutum yana tara yana juyewa a wani mazubi tun daga sha ɗaya har la'asar. In akwai mai zaman gida da ba zai gaji ba to shi ne mafi arha. In kuma kana son wanda zai yi aikinsa kana kasuwa to ga yadda nake yi.

Ka sa kafinta ya buga maka akwatin katako guda biyu, kowanne mita ɗaya da mita ɗaya da rabi, zurfi kamar faɗin tafin hannu. A ƙasa a shimfiɗa abin tare zafi, a ɗora falanki siriri ko kwali mai kauri a kai sannan falle na kwano. Wannan falankin kar a raina shi, farin abin nan da ake sako talabijin a cikinsa in ya taɓa kwano mai zafi kai tsaye tsukewa yake yi ya narke. Fayif ɗin kuma a yi shi kamar tsani a kwance, babba mai inci ɗaya a ƙasa, wani babban a sama, ƙanana masu rabin inci suna haɗa su a tsaye, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kar ya wuce santimita 12. Jan ƙarfe irin na masu AC ya fi komai amma da tsada, na ƙarfe GI ma yana yi sai dai tsatsa a hankali. A ɗaure su tamau a jikin kwanon da waya, in da hali a bubbuga kwanon ya rungumi fayif ɗin, domin duk inda aka bar rata zafin a kwano zai tsaya ba zai shiga ruwa ba, yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba nan suka faɗi. Fenti baƙi marar sheƙi irin na allon makaranta. Gilashin taga mai mili 4 a sama, a bar tazarar yatsu biyu tsakaninsa da fayif, a toshe gefe da silikon amma a huda ƙananan ramuka biyu a ƙasan akwatin don gumi ya fita. In gilashi ya yi maka tsada ka je wajen masu tsofaffin tagogi, ko na luba aka jera ya fi babu.

Duro mai lita 200, shuɗin nan na roba ya isa amma don Allah ka tambayi abin da aka zubo a ciki, wanda ya ɗauko sinadari ko maganin feshi ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, wanki ba ya fitar da shi kuma zafi yana tayar da shi. Gindin duron ya fi saman akwatin tsayi da aƙalla rabin mita. Fayif ɗaya ya fito daga gindin duro ya sauka ƙasan akwati, ɗaya ya tashi daga saman akwati ta ɗaya kusurwar ya shiga duron ta sama-sama amma ƙasa da inda ruwa yake tsayawa. Ruwan da ya yi zafi ba shi da nauyi sai ya hau da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka zai yi ta yi har yamma ba famfo ba wuta. Sharaɗin dai fayif ɗin da ke hawa kar ya yi doro ko ya lotsa a hanya, in iska ta maƙale a ciki komai ya tsaya cak, ka taɓa gilashi zafi zau ka taɓa duro sanyi.

Ruwan sanyi daga tankinka na sama ya shigo ta ƙwallon tanki, ka sa masa makunni. Da magariba a rufe shi, kar a buɗe sai kowa ya gama wanka da safe, in ba haka ba mutum na farko yana ɗiba na sanyi yana shiga, na biyar ruwan ɗumi-ɗumi zai tarar. Famfon ɗiba ya zama a ƙasa-ƙasa. Murfin duro kuma kar a taɓa ɗaure shi gam, a bar masa hanyar numfashi.

Sai lulluɓin da Malam ya faɗa. Ka sa duron cikin wani akwati ko zagayen kwano da ya fi shi faɗi, ratar ta kai santimita 10 ko'ina, a cika da yankakken soson katifa ko ɓuntun shinkafa ko garin katako busasshe, a danna sosai, ƙasa ma a sa, sama kuwa a ninka don ta nan zafi ya fi gudu. Kar ruwa ya taɓa shi, jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya tare komai, kuma ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Fayif ɗin ma a sa musu baƙin soson nan na bututun AC. Kuma Alhaji lita 200 kilo 200 ce ban da duro, kar wani ya ce maka a ɗora a kan rufin kwano, a yi masa ƙafar ƙarfe ko a gina masa dakali da bulo.

UwarGida_Jos:

Sannunku da ƙoƙari. Oga wannan naka na masu gidan kansu ne, mu 'yan haya ko ƙusa ka buga sai an yi shari'a. Ni ga yadda nake yi a nan Jos inda sanyin ma ya fi na Kano, mu da muke kan tudu sama da mita 1,200, wani daren har ƙasa da digiri 10 yake sauka.

Jarkokin man gyaɗa masu lita 25 na wanke tas na sa aka yi musu baƙin fenti, da hantsi yara su cika su, kowacce a zura ta cikin babbar farar leda mai shara-shara a ɗaure bakin, a kwantar da su a kan tsohon kwano a lungun da iska ba ta bugawa. Ledar ce sirrin, in babu ita iskar nan tana kwashe zafin yana shiga. Murfin kar a ɗaure shi sosai kuma kar a cika ta har wuya. Ana kiran la'asar ake kwashewa, in aka bari har biyar sun fara hucewa. Sai a jera su cikin matacciyar firiza da na saya wajen mai gyaran firij, injinta ya mutu amma jikinta lafiya lau, dama an yi ta ne don kar zafi ya ratsa, a jefa tsohon bargo a kai a rufe. Gaskiya ba zan ce miki ko in ce maka yana tururi da safe ba, amma yaro zai yi wanka ba kuka, mai son ya fi haka a ɗora masa buta ɗaya a wuta a sirka. Firizar dai a sa mata kwaɗo saboda yara masu ɓuya.

Inda na fi ganin amfaninsa lokacin da ƙanwata ta zo wankan gida. Kun san wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in kuma tsofaffi ba sa yarda sai ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya a ciki, itacen da ake ƙonawa ba kaɗan ba. Rana ba za ta tafasa miki shi a jarka ba, amma in kika zuba mai ɗumi a tukunyar maimakon na rijiya, kafin ki gama share tsakar gida ya tafasa, itacen da ke yin kwana biyu sai ya ƙara kwana. Na yamma ma ba ya buƙatar firiza, daga rana sai tukunya.

Abban_Yara ka gaishe da Hajiya, ita kam ko babban fulas aka cika mata da la'asar ya ishe ta alwalar isha da asuba.

Abban_Yara:

Kai masha Allah, Allah ya saka da alheri, Hajiya za ta ji. Malam lissafin nan ya tayar min da hankali wlh, ashe kuɗin makarantar yaro guda nake zubawa a bokiti. Wata tambayar kuma, ina da 'yar inbata da fanel biyu da batir ɗaya mai 200 da muke kunna fitilu da caji, ƙanina yana ta cewa me zai hana a jona hitar a nan kawai tunda ita ma rana ce. Ya abin yake?

MaiSola:

Yallaɓai ka riƙe hannun ƙanin nan naka tun kafin ya yi ɓarna. Batir mai 200 a kan bolt 12 yunit 2.4 ne a rubuce, kuma in irin mai ruwa ne rabi kawai ake so ka taɓa, wato bokiti biyu ka gama da shi, ga hita mai wat 1,500 ko 2,000 ƙaramar inbata ma ba za ta ɗauka ba ƙara za ta yi ta ɗauke. In ma ta ɗauka, jan wuta mai yawa haka kullum da asuba shi ne hanya mafi sauri ta kashe batir.

Fanel kashi 20 cikin ɗari na hasken yake mayarwa wuta, akwatin Oga yana kama kusan ninki biyu na haka da kayan da ba su kai kuɗinsa ba. Sai dai in faɗi gaskiya ta ɓangarenmu, fanel ya yi sauƙi a 'yan shekarun nan, babba mai wat 550 yana ba da wajen yunit biyu da rabi a wuni, kuma akwai hitar DC da ake ɗaurawa a jikin duro a jona ta da fanel kai tsaye ba batir ba inbata, duron ne ya zama batirin. Ba ɗigar ruwa, ba iska ta maƙale, duron ma ko a cikin banɗaki ka ajiye shi, in sanyi ya wuce kuma ka mayar da fanel ɗin kan batirinka. Amma sai wanda ya sani ya daidaita bolt ɗin hitar da na fanel in ba haka ba rabin ƙarfin ma ba za ka samu ba, kuma makunnin wutar gida ba ya yi wa DC, tartsatsi yake yi ya ƙone. Ko wannan ɗin ma in duron ba lulluɓi aikin banza ne.

Na kantin da ka ce ba kuɗinsa, masu dogayen kwalabe 'yan Chana, suna da kyau don tsakanin gilashi biyun babu iska sam shi ya sa iskar hunturu ba ta damunsu. Wanda ya saya ya kiyaye abu ɗaya, in ruwa ya ƙare a ciki rana ta dake su kar a tura ruwan sanyi sai dare ko da sassafe, fashewa suke yi.

ƊanDamagaram:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Zinder. Abin da ya sa na sa baki, kar a ɗauka wannan ilimin sai Amurka ko Chana. Mu nan Nijar tun 1965 aka kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunanshi, shi ya jagorance shi daga 1969 har 1985. A can Yamai suka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana da murhun rana ana girkawa a gidaje da ma'aikatu. Ya rasu a 1991. Ku ma kuna da cibiyar binciken makamashi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta daɗe tana irin wannan aikin. Abin haushi sai an katse muna wuta daga Najeriya a watan Agustan 2023 sannan kowa ya tuna da rana, alhali tana nan bisa kanmu tun fil azal.

Ni tano na ƙarfe gare ni, wato duro, na kwantar da shi cikin akwati da gilashi bisa, irin na farko da Malam ya ce yana hucewa. Dabarar da na yi mishi marfi ne mai soso a ciki da fata biyu, da hantsi a buɗe shi, cikin marfin na manna takardar alminiyom tana ƙara haske bisa tanon, da la'asar sakaliya a rufe ruf. Bai kai na Oga riƙe zafi ba amma ba fayif ko guda da zai ɗiga, ga wanda ba shi da mai walda kusa wannan ya fi sauƙi. Ƙurarmu ta fi taku, in aka kwana biyu ba a goge gilashi ba kana iya rubuta sunanka a kai.

Nas_Zariya:

Ni ta ɓangaren asibiti zan ɗan ja kunne. Lokacin sanyi ne muka fi karɓar yaran da ruwan zafi ya ƙona, yawanci tukunya ko bokitin da aka ajiye a ƙasa aka juya baya, sai kuma masu tsoma hannu a bokiti hita tana jone. Abin da za ku haɗa zai rage wannan, amma shi ma ruwan da ya kai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙona fatar babba, ta yaro kuwa ta fi saurin ƙonewa. Famfon duron ya zama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a fara zuba na sanyi a bokiti sannan na zafi, Hajiya kuma in tana da ciwon suga wani ya taɓa mata ruwan tukuna don ƙafar masu suga ba ta cika jin zafi ba.

Na biyu akwai ƙwayar cuta da ake kira Legionella, tana son ruwan da ya kwanta da ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, an gano ta ne bayan ɓarkewar da ta yi a Filadelfiya a 1976. Zafin 60 yana kashe ta. In ana ƙarar da ruwan kullum ana zuba sabo ba abin tashin hankali ba ne, amma in kun yi tafiya duron ya kwana biyu ba a taɓa ba, a zubar a wanke kafin a ci gaba. Kuma ruwan duro ko jarkar da ta sha zafi na wanka ne da wanki, ban da sha ban da girki.

Abban_Yara:

Na gode ƙwarai Sista, na gode kowa. Zan fara da jarkokin Hajiya ta Jos a satin nan kafin kafinta ya gama akwatin. Oga saura abu ɗaya, in zafi ya dawo Maris da Afrilu ba mai son ruwan zafi, in zubar da ruwan in bar shi haka nan?

Oga_MaiWalda:

A'a kar ka bar shi ba ruwa a rana, akwatin da babu ruwa a ciki yana iya wuce digiri 100, katakon zai bushe ya tsattsage soson ya lalace. Ka rufe gilashin da tabarma ko buhu biyu ka danne da bulo, in za ka zubar da ruwan to bayan ka rufe. Lokacin ne ma ya dace ka kwance ƙasan fayif ɗin ka wanke farin dattin nan da ruwan burtsatse ke tarawa irin na gindin buta, in ya yi kauri yana toshe ƙananan. Goge ƙura kuma da sassafe ake yi da tsumma mai ɗan laima, kar yaro ya watsa wa gilashin ruwan sanyi da tsakar rana, tsagewa zai yi. In ka auna wurin ka turo min tsayin ƙarfen tankinka daga ƙasa in ga ko duron zai shiga ƙarƙashinsa.